Yadda Sunan Yayarku Ya Shiga Kwamfuta

Na sha jin ku kuna ba jikokina labarin yadda aka yi yayarku ta fasa tafiya Abuja ta zauna a asibitinmu na Ƙofar Sauri, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. Wani ya ce babanku ne ya yi mata faɗa, wata ta ce saurayi ne ya riƙe ta. Babanku, Allah ya jiƙansa, ko kaza bai iya yi wa faɗa ba, saurayin da kuke magana a kansa kuwa a lokacin ko hanyar Katsina bai sani ba. Ni nake wurin, don haka ku natsu in gyara muku zancen tun ina da sauran ƙarfin riƙe biro.

Asibitin namu ba wani babba ba ne a wancan lokaci. 'Yan ɗakuna ne da rumfar kwano a gaba, inda marasa lafiya ke jira a kan benci. Babanku ne likita, ni ce nas kuma ungozoma, shi ya sa duk unguwa ake ce mini Sista. Katunan marasa lafiya suna jibge cikin kwalayen madara a bayan ƙofa, amma gaskiyar magana ainihin katin yana cikin kan babanku. Shi a takarda sai ya rubuta "ɗan Hajiya Kulu na fari" ko "surukar mai kilishi", sauran bayani ya haddace. Ya san wanda ke da hawan jini, ya san gidan da ake haihuwar masu sikila, ya san yaron da in ya sha maganin zazzaɓi zai kwana yana susa. Haka muka yi shekara da shekaru, har idanunsa suka fara gajiya, ya zama shi kansa sai ya kai katin bakin taga kafin ya gane rubutun hannunsa. Ni da ma na daɗe da haƙura da karanta shi.

Sai na tsaya na yi muku bayanin wani abu, domin ku 'yan yanzu kuna kiran 'ya'yanku na fari da sunansu tun daga ƙofar gida, har da ɗaukar su hoto ana rungume-rungume. Mu ba haka muka tashi ba. Yayarku ita ce 'yata ta fari, kuma 'yar fari akwai alkunya a kanta. Ba a kiran sunanta, ba a yaba ta a gaban mutane, ba a nuna an damu da ita. Ana yaye ta mahaifiyata, Inna, ta ɗauke ta zuwa gidanmu na Gobarau, can ta tashi. Ko katin allurarta babanku ne ya rubuta. In ta zo hutu sai in ce, "A zo a ci abinci," ko in ce wa ɗayanku, "Ce wa waccan ta rufe taga." Ita ma Sista take ce mini kamar kowa. Wannan ba ƙiyayya ba ce. Ranar da ta ci jarrabawar shiga karatun likita na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi rawa ni kaɗai har zanina ya kwance, sannan na fito na ce wa babanku, "Na ji an ce an ci. To, madalla." Ilimin boko bai cire mini wannan ba, kuma ban nemi ya cire ba.

Inna ta rasu yayarku tana jami'a. Da ta gama karatu da bautar ƙasa sai ta dawo gidanmu, gidan da ba ta taɓa zama a cikinsa ya wuce na hutu ba. Lokacin sojoji sun koma bariki ba da daɗewa ba, bangon gari duk hotunan 'yan takara, wayar hannu ta fara shigowa, kowa yana jin kamar an buɗe wata ƙofa. Wani babban asibiti a Abuja ya ba ta aiki, za ta fara bayan ƙaramar salla. Ta ce kafin nan za ta yi wa babanta hidima ɗaya: za ta kwashe abin da ke cikin kwalaye da abin da ke cikin kansa ta zuba a kwamfuta. Ta sayo wata kwancen kwamfuta a Kano, mai ƙaton ƙeya, mijin wata ƙawarta ya saka mata manhajar adana bayanan marasa lafiya. Aka ɗora ta a teburina, aka ɗinka mata riga da ragowar atamfa saboda ƙura, aka sayo ƙaramin janareta don masu wuta ba su san da zamanmu ba.

Babanku bai iya ɓoye abu ba. Tun makon farko ya roƙe ta ta zauna ta karɓi asibitin. Da yamma ya same ni ina tsince shinkafa, ya zauna a kan turmi yana juya hularsa.

Ya ce, "Na yi mata magana. Ta ce ita baƙuwa ce a gidan nan, tun da Inna ta tahi ba ta da wanda ke jiranta a Katsina."

Na ce, "Kai fa?"

Ya ce, "Ta ce ni ta san ina so. Ke ce ba ta san ko kina so ba."

Na ci gaba da tsintar shinkafa, ina zubar da mai kyau ina barin tsakuwa. Allah ya sani babu abin da nake so a duniya kamar ta zauna. Na haife ta, ban yi rainonta ba, yanzu ga ta ta dawo da girmanta, ina jin tafiyarta a tsakar gida, ina gane tarinta a cikin na mutum goma. In ta tafi Abuja, aure zai same ta can, shi ke nan sai dai salla salla. Amma in buɗe baki in ce mata "zauna, ina son ki kusa da ni", wannan ya fi mini ɗaukar buhun gero nauyi.

Aiki ya fara, rigima ta fara. Ita kwamfuta ba ta san "ɗan Hajiya Kulu na fari" ba. Suna take so, da sunan uba, in ba a ba ta ba sai ta yi ƙara ta ƙi wucewa gaba. Yayarku ta zauna a gabanta da farar riga, mata suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Ba na mance wata mai goyo daga Ƙofar Kaura.

"Sunan yaro?"

Matar ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya.

"Baiwar Allah, sunan yaron nake tambaya."

"Wai, likita! Na hwari ne."

"To sunan babansa?"

Matar ta dubi ƙofa kamar za ta gudu. Can ta ce, "Mai sunan Malam."

Yayarku ta rubuta abin da aka faɗa mata, don ba ta da yadda za ta yi. Kafin a yi nisa kwamfuta ta cika da Mai Sunan Malam da Abba da Baba Ƙarami da Ummi. Rannan babanku ya ce a nemo masa Abba, ta danna, allo ya cika da Abba tun daga sama har ƙasa, ya fashe da dariya har sai da ya cire tabarau ya share hawaye. Ita ba ta yi dariya ba, kuma tana da gaskiya. A cikin Abbobin nan akwai mai sikila, akwai wanda wata allura ta taɓa kumbura masa fuska. In aka ɗauki bayanin wannan aka ɗora wa wancan, ba abin dariya ba ne. Ta ce dole kowa ya shiga da sunansa na yanka, in ba haka ba gara a mayar da kwamfutar Kano.

Wasu matan kan zo da maƙwabciya ta faɗa musu sunan. Waɗanda suka zo su kaɗai fa? Dabarar ba wani ne ya zauna ya ƙirƙiro ta ba, ita ta zo da kanta. Wata rana wata yarinya ta kawo ɗanta na fari yana zazzaɓi, an yi an yi ta ƙi faɗa, sai na gaji na fara jero mata sunaye. Na ce Usman ne? Ta girgiza kai. Aliyu? Ta girgiza. Ibrahim? Ta girgiza. Da na ce Kabiru sai ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta kama wasa da bakin zaninta. Na dubi gefen da yayarku take na ce, "A rubuta Kabiru." Tun daga ranar haka muka riƙa yi. Ni in jero, uwa ta sunkuyar da kai, yayarku ta buga. Na zama gwana, ina duban shekarun uwa da unguwarsu in san ta inda zan faro. Masu jira a benci suka mai da abin wasan yau da kullum, suna taya ni jefo sunaye ta taga, in aka dace a yi shewa. Wata tsohuwa da mijinta ya rasu tun kafin a haifi yayarku sai da muka zagaye sunayen maza kaf, ashe Barau ne, ranar har mai gadi sai da ya shigo ya ji abin da ake wa dariya.

A kwanakin nan na fi jin daɗin aiki fiye da duk shekarun da na yi ina yinsa. Muna zaune kafaɗa da kafaɗa tun safe har la'asar, ina jin ƙamshin man da take shafawa. Kuma abin ya fara amfani. Ta danna wani wuri, sai ga sunayen masu hawan jini da suka daina zuwa awo, muka aika gidajensu, aka dawo da su ana ta mita. Babanku ya riƙa shigowa yana shafa ƙeyar kwamfutar yana ce mata Hajiya.

Sai ranar da Goggo Indo ta zo. Goggo Indo ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata a Gobarau, mai ciwon gwiwa da kaifin baki, ba ta jin kunyar kowa. Ta zauna ta kalli yadda muka yi da mata biyu, sannan ta buga sandarta a ƙasa.

Ta ce, "Tau, ke Sista mai tonon asirin mutane, yau ke ma sai kin hwaɗi. Wagga likita da ke zaune kusa gare ki, mi ne ne sunanta?"

Rumfa ta ɗauki shewa. Na ji kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, na kama gyaran auduga da ba ta buƙatar gyara. Ina jira yayarku ta yi dariya kamar kowa a wuce wurin. Ba ta yi ba. Idonta na kan allo ta ce, a hankali,

"Ƙyale ta, Goggo. Wataƙila ba ta san shi ba."

Masu benci suka ƙara dariya, sun ɗauka raha ce. Ni da nake kusa da ita na ji yadda muryarta ta yi. Ni ce na zaɓi sunan nan tun tana ciki, na raɗa wa Inna, Inna ta kai wa babanku. Ranar ban iya cin abincin rana ba. Da babanku ya lura ya ce, "Ki hwaɗa mata mana, mi zai ci ki?" Na ce, "Da wane bakin?" Ya ce, "Da wanda kike yi mini hwaɗa da shi kullum." Na harare shi, amma maganar ta zauna mini.

Azumi ya kama, ta fara haɗa kaya. Ta ce tunda za ta tafi, dole in koyi sarrafa kwamfutar da kaina. Ku da kuka gan ni ina bugawa da yatsa ɗaya kuna dariya, ku sani wannan yatsan ya sha wuya. Ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur, wanda ake ce wa ɓera, in na tura shi gabas sai kibiyar ta yi yamma. In na danna harafi ɗaya sai ya fito guda bakwai a jere. Na taɓa kashe ta gaba ɗaya da gwiwar hannu ina miƙa wa wata magani. Yayarku tana da haƙurin koyarwa, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, sai dai ta ce, "A'a, Sista, a sake." Ni kuma in ce wa iska, "Ai an ce a danna nan." A haka na iya buɗe bayanin mara lafiya, na iya rubuta awon jini da magani, na iya ajiyewa.

Akwai wani gurbi a manhajar da ake zaɓar likitan da ya duba mutum. Sunan babanku kaɗai ke ciki. Ita ba ta saka nata ba, duk wanda ta duba da sunan babanta take ajiyewa, wai ita mai wucewa ce. Kullum in na zo gurbin nan sai in danna sunan babanku da sauri in wuce.

Ana saura 'yan kwanaki salla, da hantsi, mutane sun ragu saboda azumi, ta jawo kujera ta ce saura darasi ɗaya. In Baba ya ɗauki wani likita bayan ta tafi, ga yadda ake ƙara sunansa. Ta buɗe wurin, ga fili fari, ɗan layi yana ƙyaftawa.

Ta ce, "Rubuta kowane suna, gwaji ne kawai."

Na dubi filin nan. Bakina ne aka hana, ba wanda ya taɓa ce mini komai game da yatsa, don lokacin da aka kafa al'adar ba a san za a yi kwamfuta ba. Na gyara tabarau, na fara neman haruffan ɗaya bayan ɗaya. Na daɗe, don harafin farko ma ɓuya ya yi mini. Da na gama na danna inda ake ajiyewa, kwamfuta ta yi 'yar ƙararta ta karɓa. Sunanta ya fito a ƙarƙashin na babanta.

Ina jin janareta yana ta ɓaɓatu a waje. Can ta ce, muryarta ba ta fita sosai,

"Gwaji ne ai. Sai a goge."

Na ce, ina duban bango, "Ba a koya mini gogewa ba. Kuma ba na son a koya mini."

Ta juyo da kujerarta ta fuskance ni, abin da ba ta taɓa yi ba. Na ga idonta ya kawo ruwa amma bakinta yana son yin dariya. Sai ta gyara zama, ta ɗauki irin muryar da nake yi wa mata masu goyo, har da ɗan karkata kai irin nawa.

Ta ce, "Baiwar Allah, wane likita kike so ya zauna a asibitin nan? Dakta Hamza ne?"

Na girgiza kai.

"Dakta Lawal?"

Na girgiza.

"To ko a ɗauko wani daga Kano?"

Na girgiza da ƙarfi har ɗankwalina ya zame.

Sannan ta ce, "Ko Safiya?"

Na sunkuyar da kai. Na kama bakin zanina ina murzawa, kamar yarinyar nan uwar Kabiru, ni da furfurata. Hawaye suka riƙa ɗiga a kan cinyata, ban share ba. Sai na ji ta ɗora goshinta a kafaɗata, tana kuka tana dariya a haɗe. Rabon da jikina ya taɓa nata haka tun ranar da aka yaye ta. Daɗin da na ji a wannan hantsi ban taɓa jin irinsa ba, ko a Arfa.

Ashe babanku yana tsaye a bakin ƙofa da abin awon ƙirji a wuya. Ya yi gyaran murya ya ce, "Tau, a rubuta." Ya juya ya koma ɗakinsa, muna jin sa yana fyace hanci da ƙarfi, wai mura.

Kada ku ɗauka abin bai ci mata komai ba. Ta rubuta wa mutanen Abuja ta ba su haƙuri, kuma da wannan ta bar damar zurfafa karatu ta zama ƙwararriya a fanni guda, abin da take buri tun tana makaranta. Abokan karatunta wasu sun zama manya, ana hira da su a talabijin, ita tana nan tana fama da zazzaɓin yara da gwiwoyin tsofaffi. Na san akwai ranakun da abin yake taɓa ta, ina gani a fuskarta. Na taɓa aika ƙanwarku ta tambaye ta ko tana da-na-sani, ta aiko a ce mini in daina aike, ofishinta ba nisa. Ni ma na biya nawa, don labari bai kwana ba ya kai Gobarau. Goggo Indo ta hau ɗan acaba da ciwon gwiwarta ta zo takanas, ta tsaya a rumfa tana shelar cewa Sista ta rasa kunya, ta kira sunan ɗiyar hwari da yatsa. Har ta koma ga Allah, in ta gan ni sai ta ɗaga manuniya tana karkaɗawa.

An canza kwamfutar nan ban san sau nawa ba, an canza manhajar, yanzu ma a waya suke duba komai. Duk lokacin da za a kwashe bayanai zuwa sabuwa, yayarku takan tsaya a kan mai aikin ta ce gurbin sunanta kada a sake bugawa, a ɗauke shi yadda yake. Akwai kuskure a ciki, harafin farko ƙarami ne don ban iya yin babba ba a lokacin, kuma ta hana a gyara.

Har yau bakina bai taɓa furta sunan ba, kuma a haka zan tafi. In na shiga asibitin ina ce mata Likita, ita kuma tun daga waccan salla ta daina ce mini Sista, ta koma Mama kamar ku. Amma ku koma sama kaɗan a takardar nan, inda take jero mini sunaye, za ku gan shi. Karo na biyu ke nan da hannuna ya rubuta shi, kuma wannan karon da babban harafi na fara.